Wai kiɗan Shanghai na shekarun 1930 jaz ne, ko waƙar gargajiyar Sinawa ce ta sa kwat?

Ɗalibi a Sin:
Salamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce, nace bari in kawo shi nan tunda muna da masana kiɗa a cikinmu. Na shiga wani ɗan shagon shayi a tsohuwar unguwar Faransawa ta Shanghai, mai shagon dattijo ne, ya kunna wasu tsofaffin waƙoƙi masu shuuu ɗin nan na faifan garmaho. Abin da ya ɗaure min kai shine kiɗan da ke baya sak na Amurkawan da, ƙahoni da sakisfon da piyano da ganga, amma da matar ta buɗe baki sai naji wani abu daban, siririyar murya can sama kamar ta yarinya, kuma karin waƙar wallahi ya fi min kama da abin da kakata take rerawa in tana daka fiye da duk wani abu na Turawa. Na tambayi dattijon yace sunan irin kiɗan shidaiqu, wato waƙoƙin zamani, mai waƙar kuma Zhou Xuan. Tun ranar ban daina saurare ba. Toh tambayata, wannan abin jaz ne ko ba jaz bane? Kuma me yasa kunnen Bahaushe yake jinsa kamar na gida?

Mai Piyano na Fagge:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta biyu ita ce mai sauƙi bari in fara da ita. In kana kusa da piyano ka bar fararen maɓallai gaba ɗaya ka dinga taɓa baƙaƙen kawai, duk yadda ka bi su sai kaji wani kari ya fito mai daɗi, babu inda zai yi maka karo a kunne. Sauti biyar ne suke ta maimaita kansu, do re mi so la, babu fa babu ti. Sinawa suna da sunayensu tun zamanin da, gong, shang, jue, zhi, yu. Mafi yawan karin waƙoƙin Shanghai ɗin nan akan biyar ɗin aka gina su, kuma da yawa daga waƙoƙinmu na daka da na goge da na garaya su ma akan sauti biyar suke tafiya, shi yasa ka tuna kaka. Ba wai wani ya kwaikwayi wani bane, kowa da hanyar da ya bi ya iso wurin.

Kawu Tsohon Ɗan Rediyo:
Yaro ka kawo magana mai kyau, Allah ya yi albarka. Amma ni a wurina ba jaz bane, kuma zan faɗi dalili. Shekara da shekaru ina sa faifan jaz, abin da ya sa jaz ya zama jaz abu uku ne. Mai busa ya tashi ya ƙirƙiri nasa karin nan take daga kansa, yau daban gobe daban. Sai rangajin bugun, abin da suke ce wa suwin, inda ake raba bugu ɗaya gida biyu ba daidai ba, na farko dogo na biyu gajere. Sai kuma sautukan bulus da ake lanƙwasa su ƙasa kaɗan kamar mai kuka. Ka je ka saurari Maomao Yu da Li Jinhui ya rubuta a 1927, wadda 'yarsa Li Minghui ta rera, wadda ake cewa da ita aka buɗe wannan babi. Ina rangajin? A miƙe take ƙiƙam, ɗaya biyu ɗaya biyu. Ina wanda ya tashi ya busa nasa? Babu. Kayan kiɗan jaz ne dai aka ara aka raka waƙar gida da su.

Ɗalibi a Sin:
Kawu na gode, naje na saurari Maomao Yu ɗin yanzu, gaskiya muryar tana da tsini sosai, har ta fi ta Zhou Xuan.

Maman Husna:
Ai ba kai kaɗai ka ji tsinin ba ƙanena, Lu Xun ma babban marubucinsu ya taɓa kwatanta rera wannan waƙar da kukan kyanwar da ake shaƙewa. Amma muryar tana da asali. Li Jinhui ba da gidan rawa ya fara ba, malami ne, mutumin Hunan, an haife shi a 1891, kuma babban burinsa a farko shine yaɗa harshen ƙasa wato Mandarin, yayansa Li Jinxi ma masanin harshe ne da ya yi wannan gwagwarmayar. Sai ya fara rubuta wa yaran makaranta ƙananan wasannin kwaikwayo masu waƙa don su koyi harshen ta hanyar rerawa. 'Yan matan da ya horar a ƙungiyarsa ta Mingyue da wannan muryar ta yara suka taso, a matse, ta hanci, har aka sa mata suna muryar ƙanwa. Kuma ku lura mutanen Shanghai suna da nasu yaren daban, amma waƙoƙin nan da Mandarin aka yi su, shi yasa suka bazu har wajen Sinawan Singafo da Malaya. Ni da na yi shekara huɗu ina koyon Sinanci, waƙoƙin nan sun taimaka min fiye da na zamani saboda ana fitar da kowace gaɓar kalma tas.

Mai Piyano na Fagge:
Kawu ranka ya daɗe, ina tare da kai akan Maomao Yu amma kar mu yanke wa shekara ashirin hukunci da faifai ɗaya na farko. Abin ya yi ta canzawa. Ka ɗauko Meigui Meigui Wo Ai Ni ta 1940, Chen Gexin ya tsara Yao Lee ta rera, ko Ye Shanghai ta Zhou Xuan da ta fito bayan yaƙi, nan kam ƙahonin suna amsa wa mawaƙiya, bes yana tafiya, ƙafarka da kanta zata fara motsi. Kuma ni abin da yafi burge ni a matsayina na mai haɗa kiɗa a situdiyo shine matsalar da masu tsara kiɗan suka warware, domin na sha fama da irinta. Kiɗan Turawa akan haɗin sautuka yake tafiya, kod, uku ko huɗu a danna lokaci guda, kuma abin da ke jan kunne ya koma gida a ƙarshen layi shine sautin ti da ke son hawa do, da fa da ke son sauka mi. To su biyun nan sune babu su a karin Sinawa. Kuma kiɗansu na gargajiya na yankin Shanghai, wanda suke kira siliki da gora, ba ruwansa da kod, kowa karin guda yake bi sai dai kowa yana yi masa nasa adon, mai sarewa ya ƙara kwalliya, mai tsirkiya ya rage. Sai masu tsarawa suka bar wa mawaƙiya sautukanta biyar ba su taɓa mata ba, suka ɓoye fa da ti a hannun mai piyano da cikin sakisfon a ƙasa. Shi yasa kake jin abu biyu lokaci guda, sama Sin ƙasa Amurka, kuma ba sa faɗa. Ni ranar da na fara ƙoƙarin sa wa wata waƙar biki ta gargajiya kod na gane wannan ba ƙaramin aiki bane, in ka cika kod ɗin sai waƙar ta tashi daga tamu, in ka rage sai ta zama fanko.

Kawu Tsohon Ɗan Rediyo:
Malam mai piyano bayaninka ya gamsar akan kod, ban musa ba. Amma har yanzu ba ka nuna min mai busan da ya tashi ya yi nasa daga ka ba. Abin da ke tsakiyar waƙoƙin nan in mawaƙiya ta yi shiru, kilarinet ne ko ƙaho yake maimaita karin da ta gama rerawa, a rubuce yake a takarda gabansa.

Mai Piyano na Fagge:
Hakane Kawu, yawanci a rubuce yake. Amma abu biyu. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti, fuska ɗaya minti uku ne da 'yan kai, kamfani kuma muryar tauraruwa yake sayarwa, ba zai ba mai ƙaho minti ɗaya ya yi yadda yake so ba. Abin da ke faifai daban, abin da ake yi a gidan rawa da ƙarfe biyun dare daban. Na biyu, a Amurkar ma a shekarun 1920 wanda ake kira sarkin jaz Paul Whiteman ne, kuma kiɗansa a rubuce yake, mai laushi, da goge irin na Turawa a ciki. Irin wannan jaz ɗin na otal shine ya fara isa Shanghai, shi Sinawa suka fara sani da sunan jaz. In ka cire na Shanghai saboda rubutu to sai ka cire rabin abin da Amurkawa da kansu suka kira jaz a lokacin.

Kawu Tsohon Ɗan Rediyo:
Ni dama Whiteman ɗin ban taɓa sa shi sahu ɗaya da Louis Armstrong, shahararren mai ƙahon jaz, ba. Amma na yarda jaz na gaske ya taka Shanghai da ƙafarsa. Teddy Weatherford, baƙar fata mai piyano daga Chicago, tun 1926 yana can. Shi ya jawo Buck Clayton mai ƙaho a 1934 da ƙungiyarsa Harlem Gentlemen, suka yi wasa a zauren rawa na Canidrome, wurin da ake tseren karnuka a unguwar Faransawa. Clayton ɗin nan da ya koma gida ƙungiyar Count Basie, ɗaya daga manyan jagororin jaz na Amurka, ya shiga, kaga ba ƙaramin mutum bane. Har makaɗan Japan irinsu Nanri Fumio Shanghai suka je koyo. Wannan shine jaz a Shanghai. Abin da yaron nan ya ji a shagon shayi kuma ɗan'uwansa ne da aka haifa a gida ɗaya, uwa daban.

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum, ina bin maganar tun ɗazu. Ni gidan masu goge na tashi, kuma abin da ya kama ni a waƙoƙin nan erhu ne. Duk wanda bai san shi ba, ɗan'uwan gogenmu ne, shi tsirkiya biyu gare shi namu ɗaya, shi fatar mesa ake rufa masa namu fatar guza, kuma duka biyun babu wani katako da ke tsayar da yatsa, don haka sautin zamewa yake daga wannan zuwa wancan, ba tsalle yake ba. Kawu ka ce babu lanƙwasar bulus, gaskiya ne babu irin ta Amurka, amma akwai tasu lanƙwasar. Ka saurari Tianya Genü da Zhou Xuan ta rera a fim ɗin Malu Tianshi na 1937, yadda muryarta ke zamewa ta hau sauti daga ƙasa, ta ɗan karkaɗa shi kafin ta sake shi, erhu na bin ta a baya kamar inuwa. Haka mai goge yake bin mawaƙi a wurinmu. Kuma in ka koma waƙoƙin da ke da ƙahoni zaka ji mai kilarinet ko mai gogen Turawa yana ƙoƙarin yin wannan zamiyar ta erhu. Wato kayan baƙi ne amma an koya musu yaren gari.

Kawu Tsohon Ɗan Rediyo:
Madalla ɗan Damagaram, amma ka ƙara min hujja ne fa. Waccan waƙar He Luting ne ya gyara ta daga karin gargajiya na yankin Suzhou, ko ƙamshin jaz babu a cikinta, kuma ita ma shidaiqu ake ce mata.

Maman Husna:
Shi yasa nake ganin kalmar ce ke rikita mu Kawu. Shidaiqu babban kwando ne, a gefe ɗaya akwai mai erhu zalla, a ɗaya gefen akwai mai ƙahoni goma, sauran suna tsakiya. Kuma ba bugun jaz kaɗai ba, duk rawar da ake yi a zauren sai an yi mata waƙa. Fokstirot ce ta fi yawa, amma He Ri Jun Zai Lai ta Liu Xue'an da Zhou Xuan ta rera a 1937 tafiyar tango gare ta, Ye Lai Xiang ta 1944 kuma rumba ce, Li Jinguang ƙanin Li Jinhui ya tsara ta, wadda ta rera kuma Li Xianglan, wadda a zahiri 'yar Japan ce da aka haifa a Manchuria, sunanta Yamaguchi Yoshiko. Sannan muryar ma ba ta tsaya a ta ƙanwa ba. Da makirufo ya yi kyau mawaƙiya ba ta buƙatar tsini don a ji ta, sai ga Bai Guang a shekarun 1940 da murya mai kauri can ƙasa, a kasalance kamar wadda ta tashi daga barci, tana jan kalma a bayan bugu. Kawu in akwai wadda zata sa ka sassauta to ita ce, ka neme ta don Allah.

Ɗalibi a Sin:
Anti tambaya, tunda Sinanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, kalmar "ma" ɗaya tana iya zama uwa ko doki, ya suke yi in karin waƙa ya hau inda kalmar ke sauka? Mu dai in ka rera wuya ta jiki da karin wuya ta wahala ai kunne zai ƙi.

Maman Husna:
Mandarin kari huɗu gare shi, kuma a waƙar zamani sun fi mu sassauci, sau da yawa karin waƙa ne ke danne na kalma sai a gane ma'ana daga jimla. Masu yaren Kanton na Hong Kong su ne masu tsanani irin namu. Amma duk da haka sautin kalma ya taɓa jawo wa waƙa masifa. Jun ɗin da ke cikin He Ri Jun Zai Lai ma'anarsa "kai" da ake ce wa mutum cikin girmamawa, sunan waƙar kuma yana nufin yaushe zaka dawo, amma furucinsa ɗaya da kalmar soja. Lokacin kuma Japan ta mamaye, sai kowane ɓangare ya dinga zargin wace rundunar ake wa fatan dawowa. Waƙar soyayya ce ta bankwana amma hukumomi daban daban sun hana ta a lokuta daban daban.

Abban Zongo Kumasi:
'Yan'uwa ni wannan muhawarar tana tuna min da hailaif ɗinmu na Gana. Shi ma a wuraren rawar masu kuɗi na bakin teku ya taso, ƙahonin badujala da na jaz, karin kuma na gida, har E.T. Mensah ya zo ya daidaita shi. Babu wanda ke cewa hailaif jaz ne na Amurka, kuma babu wanda zai ce ba jinin jaz a jikinsa.

Mai Piyano na Fagge:
Kwarai Abba. Kuma akwai labarin da ke nuna daga ina tilas ɗin ta fito. Whitey Smith, mai ganga daga Amurka da ya isa Shanghai a 1922 yana jagorantar makaɗa a otal ɗin Majestic, ya lura masu kuɗin Sinawa suna zuwa su zauna amma ba sa tashi rawa, kiɗan ya yi musu hayaniya, sun kasa kama karin. Sai ya ɗauko waƙoƙin gargajiyarsu ya ɗora akan bugun fokstirot, ya fito da karin gaba sosai ya rage tarkacen da ke baya, nan fa fili ya cika. Kunga tun daga tushe doka ɗaya ce, kari a gaba kowa ya iya bin sa da baki, bugu a ƙasa don ƙafa. Kuma mu tuna su waye ke riƙe da kayan kiɗan, yawancinsu 'yan Filifin ne da suka koyi kiɗan Amurka a ƙarƙashin mulkin Amurka, da Rashawan da suka gudo bayan juyin juya halin 1917 waɗanda suka yi karatun kiɗan gargajiyar Turai, sun iya karanta takarda da kyau. Su ne ke cika gidajen rawa irin Paramount da aka buɗe a 1933, su ne kuma kamfanin Pathé mai tambarin zakara ke ɗauka in za a naɗi faifai. Wannan tsaftar da laushin gogen da kuke ji a faifan akwai hannun Rashawan a ciki. Ƙungiyar Sinawa zalla sai a tsakiyar shekarun 1930 Li Jinhui ya haɗa ta a otal ɗin Yangtze, a Paramount kuwa sai 1947 Jimmy King ya samu shiga da tasa.

Baban Sadiq:
Ku yi haƙuri in shigo ta wani gefen. Kuna ta yabon kiɗa amma wuraren da ake kiɗan nan fa ba wuraren kirki bane, giya, caca, 'yan mata da ake sayen tikiti a yi rawa da su, manyan 'yan daban birnin ke juya harkar, ga ƙasa kuma Japan na cin ta. Ni ina ganin waɗanda suka soki abin suna da hujja.

Maman Husna:
Baban Sadiq ba ka faɗi ƙarya ba, kuma sukar daga cikin gida ta fara. Nie Er yaron Li Jinhui ne, a ƙungiyar Mingyue yake jan goge, shi ya fito a 1932 ya rubuta suka cewa waƙoƙin maigidansa masu laushi ne marasa amfani ga talaka. A 1935 ya tsara waƙar da yau ita ce taken ƙasar Sin, a shekarar kuma ya rasu a ruwa a Japan yana ɗan shekara 23. Amma ka duba abin da ya biyo baya. Bayan 1949 da 'yan kwaminis suka karɓi mulki aka sa wa kiɗan suna rawayan kiɗa, a wurinsu rawaya na nufin batsa, aka rufe gidajen rawa, Pathé ta koma Hong Kong a 1952. Chen Gexin, wanda mawaƙin Amurka Frankie Laine ya rera waƙarsa ta Meigui da Turanci a 1951 har ta kai ta uku a jerin waƙoƙin Amurka, an tura shi sansanin aikin horo a Anhui, can ya mutu a 1961. Li Jinhui ya mutu a 1967 cikin juyin al'adu na zamanin Mao. Mutumin da ya fara da koya wa yara harshen ƙasarsu. Ni wannan yana min ciwo, ko me mutum zai ce akan gidan rawa.

Baban Sadiq:
Wannan kam zalunci ne Hajiya, ban goyi bayansa ba. Gyara daban, hallaka mutum daban.

Kawu Tsohon Ɗan Rediyo:
Maman Husna na nemo Bai Guang ɗin na saurara har sau uku. Wannan matar ta san jinkiri, tana barin bugu ya wuce sannan ta biyo shi a hankali, kuma wannan ba a rubuta shi a takarda, a jiki yake. Har yanzu ba zan ajiye faifanta a layin Armstrong ba, amma zan matso da shi kusa. Malam mai piyano ina son ka gwada min abu ɗaya in ka shiga situdiyo, ka ɗauki karin Meigui ɗin nan ka cire duk kod ɗin, ka ba ɗan Damagaram ya ja shi da goge shi kaɗai, ina son in ji me zai rage.

Ɗan Damagaram:
Na karɓa Kawu. Malam ka turo min a sautin da ya yi ƙasa kaɗan, gogena ba ya kaiwa can saman da Yao Lee take hawa sai na ɗaure tsirkiyar sosai, kuma da sanyin nan tana iya tsinkewa.

Mai Piyano na Fagge:
In sha Allah gobe bayan la'asar zan sauke maka shi mataki uku in turo. Akwai wuri ɗaya a tsakiyar waƙar da nake son ka kula da shi, inda karin ke juyawa kafin ya dawo farko, can ne nake zargin kunne zai nemi kod ɗin ya rasa. Ƙanena na Sin kai kuma in ka koma shagon shayin ka tambayar mana dattijon ko faifan garmahon na gaske yake da su, in da hali ka ɗauko mana hoton tambarin da ke tsakiya.

Ɗalibi a Sin:
Ranar Asabar zan koma Yaya, zan tambaye shi. Na ga wani akwati mai hannun wanawa a kan kanta amma ban kula ko yana aiki ba.